Raka Ni Bakin Kogi

Kakata Azumi ƙuli-ƙuli take yi, kuma ba ta suya sai rana ta faɗi, wai ba za ta bari zafin wuta da na rana su yi mata taron dangi ba. Da an idar da sallar magariba a masallacin bakin layinmu, a zangon Sokodé, sai ta hura murhu a tsakar gida ta ɗora kasko, mu jikoki mu kewaye ta. Aikinmu mulmula tunkuza, mu lanƙwasa ta kamar zobe mu jera a faranti. Ladanmu ɓaraguzan da suka karye a cikin mai, da tatsuniya. Idan kuran, wato wutar lantarki, ya ɗauke, hasken murhun ne kawai ke rage mana, yana haska fuskarta daga ƙasa, sai idanunta su faɗa cikin rami. A irin wannan lokacin ta fi son ba da labari.

Tana da nata salon buɗewa. Takan buga matsami a bakin kasko ta ce, "Ga wata baƙuwa a ƙofa, ƙafarta duk laka." Mu kuma mu amsa, "Ta shigo, mun yi mata shimfiɗa."

Kaka tana da ƙawa guda a duniya, Mma Talata, wadda ke zaune a Dapaong. Asalinta 'yar ƙabilar Moba ce, aure ya kai ta zango. Takan biyo motar kaya ta sauko da buhunan gyaɗa da daddawa, ta sauka a ɗakin Kaka, su kwana a tabarma ɗaya. Ban taɓa jin sun gaisa kamar mutane ba. Da ta sa ƙafa a zaure za ta ce, "Azumi, har yanzu ba ki mutu ba?" Kaka, ko ɗaga kai ba ta yi, za ta ce, "Ina jiran in ci shinkafar sadakarki tukuna." Idan gardama ta yi zafi Hausar Mma Talata takan zame, ta ce wa Kaka "kai". Sai Kaka ta dube mu ta ce, "Kun gani ko? Ga ɗankwali a kaina, ta mai da ni namiji." Mu yara mun ɗauka faɗa suke yi. Sai da na ga ranar da Kaka ta kwanta zazzaɓi, Mma Talata ta ƙi bin motar komawa, ta zauna tana yi mata fifita tana zaginta ƙasa-ƙasa, sannan na fara gane wani abu.

Tatsuniyar da ta fi tsaya mini a rai, Kaka ta ba da ita ne wani maraice da Mma Talata take nan, tana gefe tana ɓarar gyaɗa.

Wai a wata kasuwa akwai tsofaffi biyu da ke kasa kaya gefe da gefe, Kande mai daddawa da Tambai mai kanwa. Tun suna 'yan mata suke tare, kuma tun lokacin suke zagin juna. Mutane har dalili suke nema su tsaya a gabansu don su sha dariya. Gidan Kande yana cikin gari, na Tambai yana ƙetaren kogi. Wata damina Tambai ta kwanta ciwo, ba ta tashi ba. Aka aiko wa Kande, ta haye kogi, ta ce babu wanda zai taɓa gawar sai ita. Ita ta yi mata wanka, ita ta sa mata auduga a kunne, ita ta naɗe ta.

Ranar kasuwa ta zagayo. Kande ta kasa kayanta ta zauna tana kallon wurin da babu kowa. Can sai ga Tambai tafe da kwandonta a kai. Ta sauke, ta zauna inda ta saba, ta ce, "Yau ma da wannan munin kika fito?"

A nan Kaka takan tsaya ta juya ƙuli-ƙuli a hankali, mu kuwa kowa ya matso jikin ɗan'uwansa.

Kande ta duba da kyau. Ga rana tsaka, kowa da inuwarsa a ƙarƙashinsa, ban da Tambai. Ƙudan kasuwa suna sauka a kan kowa, suna kewaye ta. Ga kuma farar auduga tana leƙowa daga kunnenta. Tambai ta ce, "Ɗaga murya, yau ban san me ya toshe mini kunne ba." Kande ta buɗe baki za ta gaya mata, sai ta kasa. Abin da ya fito shi ne, "Tsufa ne ya toshe shi, da rashin wanka." Suka yi ta yi har la'asar. 'Yan kasuwa suna ganin Kande ita kaɗai tana magana tana riƙe ciki don dariya.

Da aka tashi, Tambai ta ɗauki kwando ta ce, "Raka ni." Kande ta raka ta bakin kasuwa ta dawo. Kasuwa ta gaba ta raka ta har gindin tsamiya. Ta gaba kuma har gonakin bayan gari. Kowace rakiya sai ta ɗara ta baya, kuma kowace dawowa Kande sai ta ji ɓarin jikinta na wajen Tambai ya yi sanyi kamar randa. Daddawarta ta daina ƙamshi. Jikokinta suka daina yarda ta goye su. Wata tsohuwa mai sayar da tukwane ta ja ta gefe ta ce, "Wadda kike rakawa ba ta san inda ta kwana ba. Ki gaya mata. Bayan gonaki sai kogi, kuma rakiyar kogi ba a dawowa."

Ranar da suka isa bakin kogi, ruwa ya cika ya batse, babu jirgi babu mai fito. Tambai ta sa ƙafa a ruwa ta miƙo hannu ta ce, "Zo mana, ba zurfi." Kande ta ɓoye hannuwanta a bayanta. Ta ce, "Tambai, ni na yi miki wanka."

Tambai ta janye hannunta. Ta kai hannu kunne, ta zaro audugar, ta daɗe tana dubanta. Sannan ta ce, "Shi ya sa bayana yake ta ƙaiƙayi. Ko wanka ba ki iya ba." Ta juya ta shiga ruwa tana dariya, ruwan bai ko motsa ba. Kande ta tsaya tana jin dariyar har ta ƙetare.

Kaka ta buga matsami ta ce, "Baƙuwa ta tafi, a naɗe shimfiɗa."

Babu wanda ya motsa a cikinmu. Ni ce na tambaya, "Kaka, Tambai ba ta sani ba da gaske?" Kafin ta amsa, Mma Talata ta watsa ɓawon gyaɗa a wuta ta ce, "Ni dai ku shaida, idan na riga ta kada a bar ta ta taɓa ni. Hannunta duk mai." Kaka ta ce, "Ni kuwa ke za ki yi mini, don in tashi da warin daddawa kowa ya ba ni hanya." Suka fashe da dariya. Ni ranar sai da na roƙi yayata ta raka ni bayan gida, kuma na daɗe ina duban kunnen duk tsohuwar da ta shigo gidanmu.

Kaka ta rasu ina makarantar koyon aikin jinya. Mma Talata ba ta zo ba. A lokacin ita ma tana kwance, ɓarin jikinta ya shanye, 'ya'yanta suka ce idan ta ji labarin zai ƙarasa ta, a bari ta ji sauƙi. Mu a Sokodé muka ɗauka daga baya sun gaya mata. Zumunci ya yi sanyi, shekaru suka wuce.

Bara aka tura ni aiki Dapaong. Mahaifiyata ta ce kada in kuskura in zauna a garin ban nemi ƙawar uwarta ba, in tana da rai. Wata Juma'a bayan la'asar na hau zemijan, ɗan babur ya yi ta kewaye da ni cikin zango har muka sami gidan. Jikarta Samira ce ta tare ni a zaure. Da na faɗi ko ni wace ce, sai ta kama hannuna ta rage murya.

"Yaya Safiya, don Allah kada ki ce mata komai. Ba a gaya mata ba."

"Har yanzu?"

"Da farko ana jiran ta warke. Daga baya kuma aka rasa wanda zai fara. Idan ta tambaya sai a ce hanya ce ba kyau, ko ƙafa ke damun Kaka Azumi. Yanzu ma idonta ya tafi, hankalin kuma yana zuwa yana komawa."

Na same ta a kan tabarma a inuwar rumfa, ta ƙanƙance, idanunta sun yi fari. Na durƙusa na yi sallama. Ta karkata kai wajen muryata, ta daɗe a haka. Sai bakinta ya motsa.

"Azumi. Har yanzu ba ki mutu ba?"

An sha gaya mini muryata irin ta Kaka ce. Na dubi Samira, ta haɗa hannuwa tana roƙona da ido. Na yi niyyar in ce, "Mma, ni ce Safiya, jikarta." Abin da na ji bakina ya faɗa shi ne, "Ina jiran in ci shinkafar sadakarki tukuna."

Tsohuwar ta yi dariya har tari ya sarƙe ta. Samira ta ce rabon da su ji wannan dariyar har sun manta. A daren ta ci tuwo ta nemi ƙari.

Haka na zama mai zuwa kowace Juma'a. Samira tana da wani shirin barkwanci da take bi a wayarta, na wata ƙasa mai nisa, an juya shi zuwa Faransanci. Labarin wasu tsofaffin mata uku ne maƙwabtan juna a gidan bene: ɗaya kurma ce amma ba ta yarda ba, ɗaya ba ta fita sai da gashin kanti, ta ukun kuma kullum cikin shirin jana'izarta take alhali ta fi kowa lafiya. Sukan yi faɗa a kan tukunya, su yi gaba da safe, su shirya kafin azahar don su haɗu su yi gulmar wata. Samira takan jingina wayar a jikin kwano, mu zauna mu uku. Mma Talata ba ta gani, Faransancinta kuma bai wuce na ciniki ba, don haka ni nake mayar mata da Hausa. Nan da nan ta raba mana matsayi: kurmar ita ce Azumi, mai gashin kanti wata Ladi ce da suka sani a garin Mango, ita kuma ba ta cikin su don ta fi su hankali.

A shirin, duk lokacin da aka yi abin dariya sai a ji taron mutane sun kwashe da dariya. Wata rana ta ɗaga hannu.

"Su wane ne ke dariyar nan?"

Samira ta ce, "Mutane ne, Kaka, ba a nuna su. Suna gefe suna kallo."

"Tsofaffin suna ganinsu?"

"A'a."

Ta gyaɗa kai. "Ashe su ma suna da nasu da ba a gani."

Samira ta yi dariya. Ni ban yi ba.

Ina gaya wa kaina cewa jinya nake yi, kamar yadda ake lallashin mara lafiya ya sha magani. Amma abin ya fara damuna. Zagin da nake mayar mata, da farko wanda na haddace ne tun ina yarinya. Daga baya ya soma zuwa da kansa, da irin karin muryar Kaka, har da tsakin da takan ja a ƙarshe. Wata Juma'a, a shirin, mai gashin kanti ta faɗa cikin kwatami, Mma Talata ta ce ai Azumi ce ta saba irin wannan. Sai na ji na ce, "Wa ya faɗa kogin Oti a Mango da buhun mutane a kai, aka jawo ta ta ƙafa, zani ya bi ruwa?"

Dariyarta ta tsaya. Ta ce a hankali, "Kin rantse ba za ki faɗa ba."

Ban san wannan labarin ba. Da na koma masauki na kira mahaifiyata, ta ce ba ta taɓa ji ba. Na kira yayata, ita ma haka. Mai yiwuwa na ji shi ina yarinya, ina gyangyaɗi a ƙofar ɗakinsu, ya kwanta a wani lungu na kaina. Haka nake gaya wa kaina har yau. Amma tun daga ranar, idan na kama hanyar gidan sai in ji kamar ba ni kaɗai na sauka daga babur ba. A wurin aiki wata abokiyar aikina ta ce mini, "Safiya, kwanan nan kina tafiya kamar tsohuwa." Na yanke shawarar in daina zuwa, Juma'a ta yi, na sami kaina a zauren.

Ranar, abin da aka nuna shi ne tsohuwar nan mai shirin jana'iza ta kwanta a gado ta rufe ido, ta tilasta wa ƙawayenta su gwada kukan da za su yi mata, don ta ji ko ya yi. Kurmar ta ɗauka barci take yi, ta lulluɓe ta. Mai gashin kanti ta fara kuka sai dariya ta ƙwace mata. Samira har da hawaye. Ina fassarawa ina dariya ni ma, sai na lura Mma Talata ta yi tsit.

"Samira, kashe. Je ki ɗora mini ruwan zafi."

Da yarinyar ta tafi sai ta miƙo hannunta mai lafiya. "Raka ni."

Ɗakinta ne kawai, daga rumfa zuwa ƙofa, amma sai da na yi bismillah kafin na kama ta. Na ɗaga ta, ba ta da nauyi ko kaɗan. Muna tafiya tana jan ƙafa, hannunta a wuyana. A bakin ƙofa ta tsaya ta dafa bango. Rana ta yi ƙasa, inuwarmu ta miƙe a tsakar gida, kuma na kama kaina ina dubawa ko biyu ce.

"Azumi," ta ce, ba ta juyo ba. "Wa ya yi miki wanka?"

Ina jin motsin Samira a madafa, ina tuna roƙon da ta yi mini. Na ce, da muryata ta kaina, "Mahaifiyata ce, Mma. Da Mma Hawa maƙwabciyarmu."

"Hawa." Ta ja tsaki. "Hawa da ko kwano ba ta iya cuɗawa."

Sai ta jingina goshinta da bango. Ba ta yi kuka mai sauti ba, kafaɗunta ne kawai ke rawa. Na riƙe ta. Da ta natsu ta ce, "Mace ta yi shekara da shekaru ba ta aiko mini da zagi ba, su ce wai hanya ce ba kyau. Azumi da rarrafe ma za ta zo. Na sani tun damina ta farko. Na ga suna tsoro, na ƙyale su."

Na ce, "Mma, ki yafe mini. Ni Safiya ce."

"Na san ke ce. Tun sallamarki na sani." Ta lalubo fuskata da tafin hannu. "Amma wanda ya yi maganar Mango ba ke ba ce."

Ta saki wuyana ta shiga ɗaki da kanta, tana bin bango. Daga ciki ta ce, "Ki zo Juma'a, ko da Azumi ko ba Azumi."

Da ina yarinya na ɗauka tatsuniyar nan gargaɗi ce a kan matattu, kada a bi su. Yanzu ina ganin Kaka ba Tambai take nuna mana ba, Kande take nuna mana: mai rai da ta san gaskiya sarai amma take ƙara taku ɗaya kowace kasuwa, don kada wurin da ke gefenta ya zama wofi. 'Ya'yan Mma Talata sun ɗauka suna kare ta ne, alhali sun hana ta abu guda da ya rage mata ta yi wa ƙawarta. Ni kuma ban sani ba ko ni na raka ta, ko ita ta riƙe ni ta rako wata. Abin da na sani shi ne tun ranar bakina bai sake faɗin abin da ban sani ba.

Washegari ta tara 'ya'yanta. Ba ta yi musu faɗa ba. Ta ce a share tsakar gida, a shimfiɗa tabarmi, a dafa shinkafa, za ta yi zaman makoki. Babban ɗanta ya ce, "Mma, ai an daɗe, mutane za su yi mamaki." Ta ce su yi.

Aka yi kuwa. Na nemi izini a wurin aiki na je na zauna kusa da ita. Matan zango suka yi ta shigowa suna yi mata gaisuwar wata mata da yawancinsu ba su taɓa gani ba. Duk wadda ta zauna sai ta ba ta labarin Azumi: rowarta, taurin kanta, yadda take ƙona ƙuli-ƙuli ta ce wuta ce ta yi laifi. Ana addu'a ana dariya, malamin da aka kira ma sai da ya rufe baki da hannun riga. Can wata baƙuwar amarya a unguwar, wadda ba ta san komai ba, ta durƙusa ta ce, "Allah ya ji ƙanta, Mma. Yaushe aka yi rashin?"

'Ya'yanta suka sunkuyar da kai.

Mma Talata ta gyara mayafinta ta ce, "Ranar Juma'a, bayan la'asar."